Bai wa Ɗalibai Zaɓi a Aikin Bincike: Yadda Ake Tsara Shi a Aji Mai Yara Sittin

Aikin bincike na rukuni, wanda malamai da ɗalibai suka fi sani da furojet, iri biyu ne a makarantunmu. Akwai wanda ake bayarwa bayan an gama darasi: malami ya rubuta take a allo, ya ce a kawo nan da mako biyu, yara su je shagon kwamfuta a buga musu shafi biyar su miƙa. Akwai kuma wanda aikin da kansa shi ne hanyar koyon, wato yaro yana gane darasin ne a lokacin da yake fafutukar amsa wata tambaya ta gaske, yana awo, yana tambayar mutane, yana gyara abin da ya ƙi yi. Na biyun muke nufi a nan. Tun a 1918 William Kilpatrick, almajirin masanin ilimi John Dewey a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, ya yi rubutu a kan wannan hanya, kuma abin da ya fi jaddadawa shi ne aikin ya zama wanda yaro ya sa zuciyarsa a ciki. Yaro kuwa da wuya ya sa zuciya a abin da ba shi da ta cewa a cikinsa. Daga nan batun zaɓi ya taso.

Kuskuren da aka fi yi shi ne malami ya ji an ce zaɓi yana ƙara wa yara himma, sai ya shiga aji ya ce kowa ya ɗauki abin da ransa ke so. Yaran da suka shekara bakwai suna kwafar abin da aka rubuta a allo, wannan magana rikita su take yi. Rabin aji zai jira ya ga abin da mai zuwa na ɗaya ya ɗauka ya bi sahu, wasu su kawo abin da ba ruwansa da manhaja, wasu kuma a kai mako na uku suna kame-kame. Zaɓin da ke yin aiki mai iyaka ne: malami ya riƙe wasu abubuwa gam, ya saki wasu da gangan, kuma yaran su san wanne ne wanne tun ranar farko.

Abin da ke hannun malami

Abu uku ba a ciniki a kansu: abin da za a koya, ranar da za a gama, da yadda za a raba maki.

Abin da za a koya daga manhaja yake fitowa. A buɗe tsarin aikin zango da aka ciro daga manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Nijeriya, a ware manufa uku ko huɗu waɗanda dama dole a koyar da su a wannan zango, a sake rubuta su da harshen da yaro zai gane. Misalin da za mu bi shi ne aji biyu na ƙaramar sakandare, ɗalibai 60, darasin kimiyya, batun ruwa. Ko me rukuninsa ya zaɓa, kowane ɗalibi sai ya iya lissafa hanyoyin da ruwa ke gurɓata daga rijiya zuwa moɗa. Ya bambanta tace ruwa da kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Ya auna abu sau uku ya fitar da matsakaici. Ya zuba sakamako a jadawali ya yi bayaninsa da bakinsa. Duk zaɓin da ba zai kai yaro ga waɗannan ba, kome kyansa, ba ya shiga jeri.

Sai tambayar da za ta ja aikin gaba ɗaya. “Ruwa” take ne kawai. “Mece ce gurɓatar ruwa?” amsarta tana shafi ɗaya na littafi, minti biyar ya isa a kwafe. Wadda za ta riƙe aji mako shida ita ce irin wannan: “Ta yaya gidajen unguwarmu za su sami ruwa mai tsabta, su kuma adana shi, da kuɗi kaɗan?” Ana gane tambaya mai kyau idan ba a samun amsarta dungurungum a waya saboda ta shafi wannan unguwa ce, idan tana da amsa fiye da ɗaya, idan kuma mai unguwa ko uwar gida za su so su ji abin da aka gano. A rubuta ta da manyan baƙaƙe a kwali a manna a saman allo, kada a cire sai an gama.

Zaɓi nawa ya kamata a shimfiɗa

Biyar sun isa, da gurbi ɗaya a buɗe. A shekarar 2000 Sheena Iyengar da Mark Lepper sun wallafa wani gwaji da aka yi da ɗaliban jami'a a Amurka: an ba wasu jerin take 6 su zaɓi ɗaya su yi rubutu a kai, wasu kuma aka ba su 30. Waɗanda aka bai wa 6 sun fi yawan kawo aikin, kuma nasu ya fi inganci. Idan haka ta faru da ɗaliban jami'a, ɗan shekara 13 ya fi buƙatar gajeren jeri.

A ƙarƙashin tambayar ruwa, ga biyar da duk za a iya yi da kayan da ke cikin gari. Na farko, haɗa matatar ruwa da roba da yashi da gawayi, a gwada wane jeri ne ya fi fitar da ruwa garau. Na biyu, ƙidayar ruwan da gidaje ke amfani da shi a rana da kuɗin da suke biyan 'yan garuwa. Na uku, taswirar unguwa mai nuna rijiyoyi, famfunan tuƙa-tuƙa, kwatoci, juji da masai, da tazarar da ke tsakaninsu. Na huɗu, kwatanta randa da robar ajiya wajen sanyi da tsabta. Na biyar, gwada dakakken ƙwallon zogale wajen kwantar da laka a ruwan kududdufi: kwalba huɗu masu lita ɗaya, ɗaya ba a sa mata komai, sauran a sa ƙwallo ɗaya, biyu da uku, a motsa, a bar su sa'a ɗaya a duba.

Gurbi na shida na rukunin da ya zo da tasa shawarar ne. Sharaɗinsa su rubuta layi biyar: me za su auna, da me, a ina, nawa zai ci, kuma wace manufa ce a cikin huɗun zai cika. Malami ya karanta ya amince ko ya mayar a gyara cikin kwana biyu. Ko rukuni ɗaya ne ya nemi wannan gurbi, kasancewarsa a buɗe yana nuna wa aji cewa zaɓin da gaske ake yi. A nan ne kuma malami zai lura da abin da yara za su iya tabbatarwa da abin da ba za su iya ba. Rukuni na iya cewa zai gwada shanya ruwa a rana cikin farar roba don kashe ƙwayoyin cuta. Hanya ce sananniya, ana ajiye robar sa'a 6 a rana mai ƙarfi ko kwana biyu idan da gajimare, amma makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje ba ta da yadda za ta nuna ƙwayoyin sun mutu. Sai a karkatar da su zuwa abin da za su iya aunawa, misali zafin da ruwan ke kaiwa a kan kwano da a kan ƙasa, sauran bayanin su samo shi daga ma'aikacin lafiya.

Bayan batu, akwai zaɓin siffar da sakamakon zai fito da ita: kwali mai zane da jadawali, samfurin da aka haɗa da hannu, rubutaccen rahoto shafi uku, wasan kwaikwayo na minti biyar, ko ɗan shirin rediyo da aka naɗa a waya. Wannan shi ne zaɓin da ya fi sauƙin bayarwa, kuma shi ne ke fito da yaran da rubutu ke ba wuya amma hannunsu ko bakinsu na da kyau.

Ba a sakin komai lokaci ɗaya. Tela ba ya miƙa wa sabon yaron shago shadda ya yanka. Da guntun ƙyalle ake farawa. A zangon farko batu ɗaya ne ga kowa, ɗalibai su zaɓi siffar sakamako kawai. A zango na biyu su zaɓi batu daga jerin biyar. A na uku ne rukuni zai iya tsara tasa tambayar. Malamin da ya fara daga mataki na uku da ajin da bai taɓa yin na farko ba, yawanci yakan yanke hukuncin cewa hanyar ba ta dace da yaranmu ba, alhali tsallake ya yi.

Kafa rukuni

Yara 60 rukuni 12 ne na mutum biyar-biyar. Idan aka haura shida, sai an sami 'yan rakiya biyu a kowane rukuni. Idan aji ya kai 90, gara a yi rukuni 15 na mutum shida a rage yawan batutuwa zuwa huɗu, domin malami ya iya riƙe su a ka.

Kada a ce a ɗaga hannu. A yanka takarda ƙanana, kowa ya rubuta sunansa da zaɓinsa na ɗaya da na biyu, a ninke a karɓa a wurin. Da ɗaga hannu yaro abokinsa yake kallo, da takarda kuwa abin da ke ransa yake rubutawa. Malami ya tafi da takardun ya jera su, da ƙa'idar cewa a aji mai yara 60 batu ɗaya ba ya wuce rukuni uku. Wanda bai sami zaɓinsa na ɗaya ba ya sami na biyu, a kuma rubuta sunansa domin a fara da shi a zango mai zuwa. A cikin masu son batu ɗaya, malami ne ke haɗa biyar ɗin: a tabbata kowane rukuni yana da wanda ke iya karatu da rubutu sosai da wanda lissafi bai fi ƙarfinsa ba. Inda za a fita unguwa, a duba ma waɗanda gidajensu ke kusa da juna. A makarantar da ke haɗe maza da mata, idan iyaye ba za su lamunci haɗuwa bayan an tashi ba, a ware rukunan mata daban. Ya fi a yi rukunin gauraye da sunan kawai, maza su tafi awo su bar mata da kwafar rubutu.

Kowane rukuni yana da muƙami biyar, su raba a tsakaninsu: mai kula da lokaci da jadawali, marubucin littafin rukuni, mai kula da kaya, mai awo da lissafi, da mai tuntuɓar mutanen waje. Da gangan ba a sa “shugaba” ba, domin da zarar an naɗa shugaba sai sauran su zuba masa ido. A mako na huɗu a juya muƙaman. Littafin rukuni littafin rubutu ne guda ɗaya, a ajiye shi a ofishin malamai ko a akwatin aji, kada ya kwana a gidan kowa. Ranar da mai riƙe da shi ya yi fashi, aikin mutum biyar ya tsaya ke nan.

Mako shida

Zangon karatu mako 12 ne zuwa 13, amma na farko yakan tafi a rajista da shara, na ƙarshe kuma bita da jarrabawa. A fara a mako na uku a gama a na takwas. Ba duk lokutan darasin ake bai wa aikin ba: idan akwai darasi biyu a jere na minti 40-40, wannan minti 80 shi ne na aikin rukuni, ragowar lokacin mako kuma na koyarwa ne kai tsaye.

Wannan koyarwa kai tsaye ba a yar da ita. Yara ba za su gano yadda ake fitar da matsakaici da kansu ba, kuma ba za su gano cewa kwalara da taifot ta gurɓataccen ruwa da abinci suke yaɗuwa ba ta hanyar zuba yashi a roba. Bambancin kawai shi ne ana kawo darasin a makon da suke buƙatarsa. Makon farko na aikin na gabatar da tambaya ne da zaɓi da kafa rukuni. Abu mai kyau a shigo da kwalba uku, ruwan famfo da na rijiya da na kududdufi, a jera a tebur a tambayi aji wanne za su sha da dalili. Mako na biyu kowane rukuni ya rubuta shirinsa a shafi ɗaya, malami ya sa hannu kafin a taɓa kaya. Na uku da na huɗu awo da tattara bayani. Na biyar rukunai su yi musayar aiki, kowanne ya faɗa wa ɗan'uwansa abu ɗaya da ya yi kyau, abu ɗaya da bai gane ba, da shawara ɗaya, sannan a yi gyara. Na shida nuni.

Duba rukuni 12 a minti 80 yana yiwuwa idan aka tsaya a kan minti biyar-biyar da tambaya uku: me kuka yi tun zuwana na baya, me ya ƙi, me za ku yi kafin mako mai zuwa. Malami ne ke nuna wanda zai amsa, ba mai baki a rukunin ba. Abin da ya fi wuya a nan shi ne malami ya kame bakinsa. Yara za su ce, “Malam, ruwan namu baƙi yake fitowa, ka gaya mana abin da za mu yi.” Amsar da ta fi amfani ita ce, “Cikin abubuwa uku da kuka zuba, wanne ne baƙi? Me kuka yi masa kafin ku zuba?” Cikin minti ɗaya wani zai ce ba su wanke gawayin ba. Idan malami ya ba da amsar da kansa, ya karɓe zaɓin da ya bayar ba tare da ya sani ba, kuma gobe ma shi za su jira.

Rukunin matata da rukunin ƙidaya, daki-daki

Matatar tana buƙatar farar robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a yanke gindinta a kifa ta, bakin yana kallon ƙasa. A ɗaure farin ƙyalle mai tsabta a bakin da kyauro. Daga ƙasa zuwa sama: dakakken gawayi kimanin santimita 5, lallausan yashi santimita 8 zuwa 10, sannan tsakuwa santimita 4. A bar sarari a sama na zuba ruwa. Yankan roba da reza ko wuƙa malami ne zai yi, ko a yi a gabansa.

Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne. Idan ba a wanke yashi ba har ruwan wankin ya fito fari, matatar ƙara wa ruwa datti za ta yi. Idan an daka gawayi ya zama gari, zai toshe ƙyallen ruwa ya tsaya. Girman ƙwayar dawa zuwa na masara ake so, a tankaɗe garin a zubar. Idan an kwara ruwa da ƙarfi, zai haƙa hanya a gefen roba ya wuce ba tare da ya ratsa yashin ba, don haka a zuba a hankali a kan tsakuwar. Kofi biyu na farko a zubar da su kafin a fara awo.

“Ya yi haske” ba awo ba ne. A zana gicciye da baƙin biro a farar takarda, a ɗora dogon farin kofi ko kwalba mai shimfiɗaɗɗen gindi a kai, a riƙa zuba ruwan ana leƙawa ta sama har gicciyen ya ɓace, sai a auna zurfin ruwan da rula. Ruwan kududdufi zai ɓoye alamar a 'yan santimita kaɗan, tataccen kuwa sai ya yi zurfi. A yi sau uku a fitar da matsakaici. Idan za a kwatanta matata biyu, abu ɗaya kawai ake canzawa, misali kaurin yashi. Idan aka canza yashi da gawayi tare, ba wanda zai san wanne ne ya kawo bambancin. Kuma doka ce da za a rubuta a jikin kowace matata: ba a shan wannan ruwa. Tacewa tana cire laka, ba ta tabbatar da mutuwar ƙwayoyin cuta. Sai an tafasa ruwan ya yi ta ɓararraka aƙalla minti ɗaya. Wannan bambanci yana cikin manufofin aikin, saboda haka kowane ɗalibi a ajin sai ya iya faɗinsa.

Rukunin ƙidaya kuwa, kowane ɗalibi ya ɗauki gidansu da na maƙwabta biyu, gida 15 ke nan. Tambaya huɗu ta isa: mutum nawa ne a gidan, daga ina ruwa ke zuwa, jarka nawa ake amfani da ita a rana, nawa ake sayen kowace. Ba a rubuta sunan mai gida, lamba ake ba kowane gida. A tuna musu jarka ba girma ɗaya ba ce, akwai mai lita 20 akwai mai 25, sai an duba jikinta. Gida mai mutum 10 da ke amfani da jarka 6 masu lita 25 yana da lita 150, wato 15 ga kowane mutum. Su kwatanta da lita 20 a rana da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ke buƙata don sha da girki da tsabtar yau da kullum. Alamar ƙirƙirarrun alkaluma ita ce gidaje uku na yaro ɗaya su fito da lamba iri ɗaya. Ba sai an yi faɗa ba. A tambaye shi wa ya ba shi amsa a gida na biyu, kuma da wane lokaci.

Masu taswira su fara auna takunsu: a shimfiɗa igiya mai mita 10, kowa ya taka ya ƙirga, daga nan su iya mayar da taku zuwa mita. Tazarar da aka saba ba da shawara tsakanin masai da rijiya aƙalla mita 30 ce. Masu randa kuma a ba su labarin Mohammed Bah Abba, malamin da ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex. Dalilin sanyin ɗaya ne da na randa, wato ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa ya tafi da zafi. Shi ya sa wannan gwaji ya fi nuna bambanci da bazara ko hunturu. Da damina iska na ɗauke da laima, sakamakon sai ya yi rauni.

Maki

Tun ran gini tun ran zane: takardar rabon maki ana manna ta a bango a makon farko. A yawancin makarantu makin gwaje-gwajen cikin zango 30 ne ko 40, ya danganta da jiha. A nemi izinin shugaban makaranta a ware 20 ga wannan aiki kafin a fara, domin aikin da ba ya shiga sakamakon zango yara sukan ajiye shi da zarar gwaji ya matso.

Rabon da ke hana zalunci shi ne rabi na rukuni, rabi na mutum. Na rukuni 10: daidaiton bayanin kimiyya 4, ingancin awo da jadawali 4, fitowar saƙo ga mai sauraro 2. Na mutum 10: gajeren gwaji a rubuce kan manufofi huɗun nan 5, amsa tambayar baka ranar nuni 3, shaidar aikinsa a littafin rukuni 2. A lura babu makin ado. Ma'auni ɗaya ne ga mai kwali da mai wasan kwaikwayo, kuma wannan ne ke sa zaɓin siffa ya zama adalci. Da zarar aka ba kyan kwali maki, ɗan mai hali ya ci, kuma an koya wa aji cewa kuɗi ake aunawa.

Inda abin ke karkacewa

Idan aka bar kuɗi ba iyaka, wani uba zai kai wa kafinta ko mai walda ya ƙera samfurin. A sa doka cewa kayan da aka tsinta ko aka yar ake amfani da su, kuma a cikin aji ake haɗawa. Kwali da alƙalamin zane (maka), makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai ta saya a raba daidai, kwali biyu ga kowane rukuni.

Rukunai da yawa za su ruga wasan kwaikwayo don suna ganin ba rubutu. Maganinsa shi ne ba a fara atisaye sai jadawalin awo ya cika malami ya sa hannu, kuma dole alkaluman rukunin su fito a bakin 'yan wasan.

Aikin da ya dogara da haɗuwa bayan an tashi yana cutar da yaran da ke da Islamiyya da yamma, da masu talla, da 'yan matan da aikin gida ke jira. Kashi mafi yawa a yi shi a cikin minti 80 ɗin nan da lokacin tara. Abin da za a kai gida kada ya wuce na minti 20, kuma ya zama wanda yaro zai iya yi shi kaɗai. Fita unguwa kuma sai da takarda zuwa ga iyaye da sanar da mai unguwa, a tafi bibbiyu ko fiye, ba leƙa rijiya, ba shiga kududdufi. Ruwan gwaji babba ne zai ɗebo.

Wani lokaci rukuni zai zo a mako na uku ya ce yana so ya canza batu. Ƙofar canji tana rufewa a ƙarshen mako na biyu, ranar sa hannu a shiri. Bayan nan ana iya rage girman aikin, gida 15 su koma 9, amma ba a sauya shi, domin zama da abin da mutum ya zaɓa har ya kai shi ƙarshe yana cikin abin da ake koyarwa. Haka kuma gwajin da bai ba da abin da aka zata ba, kamar zogalen da bai kwantar da laka ba, yana iya cin cikakken maki idan an rubuta abin da aka yi daidai an kuma kawo dalilin da ake zato. A faɗi wannan a fili, in ba haka ba yara za su gyara alkaluma su faranta wa malami.

Ranar nuni

Rukuni 12 suna fitowa gaban allo ɗaya bayan ɗaya ya fi sa'a biyu, kuma daga na huɗu ba mai saurare. A jera tebura a baranda ko ƙarƙashin bishiya, kowane rukuni da nasa. Mutum biyu su tsaya a tebur, uku su zagaya da takarda suna rubuta abu ɗaya da suka koya a kowane wuri. Bayan minti 25 a sauya. Ta haka mai taswira yake koyon abin da mai matata ya gano, wanda kuma zai fito a gwajin rubutu na mako mai zuwa. Masu wasan kwaikwayo da shirin rediyo a ba su minti biyar-biyar a ƙarshe.

A gayyaci baƙi uku ko huɗu waɗanda batun ya shafa: ma'aikacin lafiya daga asibitin unguwa, wakilin mai unguwa, uwa ɗaya ko biyu daga kwamitin makaranta, har da mai sayar da ruwa idan zai samu zuwa. A ba kowane baƙo tambaya biyu a rubuce da zai yi a kowane tebur: “Ta yaya kuka san haka?” da “Da za ku sake, me za ku canza?” Yara su yi bayani da Hausa ga baƙi idan sun fi sakewa da ita, kalmomin kimiyyar kuma su faɗe su yadda za su zo a jarrabawa. Malami yana biye da takardar sunaye yana sa makin baka nan take, domin yara 60 ba a tuna amsar kowa bayan an watse. Kwalaye da littattafan rukuni a ɗaure su a ajiye a ofis; su ne za a nuna wa ajin baɗi a makon farko, su ga yadda aiki mai maki 18 yake da yadda mai maki 9 yake kafin su cike takardar zaɓinsu.